ABIN DA YA KORO ƁERA YA FAƊA WUTA

Gabatarwa

A unguwar Hausawa ta wannan gari da jami'armu take, akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwo a bakin tasha, wadda kusan duk ɗalibin da ya taɓa karatu a wannan sashe ya ci bashin tuwonta idan wata ya yi nisa. A cikin daminar da ta wuce, wata rana bayan sallar lisha, tana cikin kwashe kwanuka sai ta tarar da wata yarinya, wadda ba za ta wuce shekara 11 ba, ta ƙudundune a ƙarƙashin teburin rumfarta, jikinta duk shatar bulala, ga kuma tabon dutsen guga a damtsenta na hagu. Dattijuwar ba ta tsaya dogon bincike ba. Ta ja ta gida, ta gasa mata jiki da ruwan zafi, ta ba ta tuwo, ta shimfiɗa mata tabarma kusa da gadonta. Da gari ya waye yarinyar ta ba da labarinta. Wata dillaliya ce ta ɗauko ta daga wani ƙauye a Arewa ta kawo ta aikatau, ita ke karɓar kuɗin aikin duk ƙarshen wata, rabon yarinya kuwa wanke-wanke da raino da duka.

Kwana huɗu dattijuwar ta yi tana cigiyar direban da ya san ƙauyen, don a mayar da yarinya ga uwarta. Rana ta biyar uwar ɗakin ta iso da 'yan sanda biyu, tana kururuwar an sace mata yarinya. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, har wasu sun fara tsintar duwatsu, kuma da ba don direbobin tasha sun tsaya sun kare ta ba, da wani labarin muke bayarwa yanzu. Ta kwana biyu a bayan kanta, sa'annan mu da wakilin Sarkin Hausawa muka je muka yi belinta. Ita kuwa yarinya, tun a yammacin ranar farko aka miƙa ta ga uwar ɗakinta, bisa hujjar cewa an kira ubanta ta waya ya tabbatar da yardarsa take zaune a can. Ba wanda ya ɗaga hannun rigarta ya dubi tabon.

A kan hanyarmu ta komawa muka ce, "Inna, sai haƙuri." Ta ce, "Malam, haƙuri kam ya zama dole. Amma daga yau in na ga ɗan wani a rumfata, ko jini yake zubarwa, kau da kai zan yi." Wannan magana tata ita ce dalilin wannan rubutu. Ra'ayinmu shi ne, duk dokar da ta koya wa mutumin kirki kau da kai daga yaro mai zubar da jini, to, akwai gyara a cikinta, kuma gyaran ba na gobe ba ne.

Abin da doka ta ce

Kada mu yi wa doka ƙazafi, bari mu fara da abin da ta faɗa. Kundin Final Kot na Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya ce a sashe na 271 duk wanda ya ɗauke ko ya yaudari yaro namiji da bai kai shekara 14 ba, ko yarinyar da ba ta kai 16 ba, ya raba shi da hannun mai riƙonsa na halal ba da yardar mai riƙon ba, ya aikata satar mutum. Sashe na 273 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tara, sashe na 277 kuma ya haɗa wanda ya ɓoye wanda aka sato, alhali ya sani, da wanda ya yi satar. Jihohi da dama sun yi wa nasu kundin gyare-gyare daga baya, galibi ta hanyar ƙara tsananta hukunci saboda annobar garkuwa da mutane. A Kudu kuwa, tsohon kundin laifuffuka na 1916 ya tanadi ɗaurin shekara 14 a sashe na 371 ga wanda ya sace yaron da bai kai shekara 12 ba, ko ya karɓe shi ya ajiye alhali ya san sato shi aka yi. Sashe na 362 ya hana a fitar da budurwar da ba ta kai shekara 16 ba daga hannun iyayenta ba da sonsu ba, na 363 kuma ya ƙara da cewa ko da ita ce ta yarda, ko ma ita ce ta kawo shawarar, wannan ba kariya ba ce. Bayan waɗannan sai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma tanadi ɗauri a sashe na 27 ga wanda ya raba yaro da iyayensa ba da sonsu ba: shekara 7, ko 10 idan an fitar da shi daga jiharsu, ko 15 zuwa 20 idan an fitar da shi daga ƙasa.

Mai karatu zai lura da cewa duk waɗannan sassa suna magana ne a kan ɗauka da yaudara da fitarwa. Dattijuwarmu ba ta ɗauko kowa ba, ba ta yaudari kowa ba, yarinya ce ta zo da ƙafarta. Masana shari'a sun daɗe da sanin wannan bambanci. Kundin Final Kot daga na Sudan aka kwaikwayo shi, na Sudan kuwa daga na Indiya na 1860, kuma tun a 1964 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa akwai bambanci tsakanin ɗauke yarinya da barinta ta biyo ka bayan ita da kanta ta bar gidan ubanta. Saboda haka da an kai Inna gaban alƙali mai natsuwa, da wuya a same ta da laifi. To, amma tsakanin rumfar tuwo da gaban alƙali akwai tafiya mai nisa. A kan wannan hanya akwai taron masu jifa, akwai bayan kanta, akwai kuɗin beli da na lauya, akwai kuma sunan "ɓarauniyar yara" wanda ko an wanke mutum ba ya fita daga bakin 'yan unguwa.

Inda doka ta yi shiru

Babban ciwon yana nan. Cikin waɗannan sassa da muka lissafa babu wanda ya dubi talaka ya ce masa: idan yaro ya faɗo gidanka cikin dare yana kuka, ga abin da za ka yi, ga wanda za ka gaya wa, ga iyakar lokacin da aka ba ka, idan ka cika waɗannan babu mai taɓa ka. Dokokin sun san ɓarawo, sun san iyaye, amma ba su san maƙwabci ba. Inda doka ta yi shiru kuwa, wani ne zai yi magana a madadinta, kuma a ƙasarmu wanda ke yin maganar shi ne ɗan sandan da ke kan kanta a daren, ko kuwa wanda ya fi kowa ƙarfin murya a cikin taro.

Gaskiya ne Dokar Haƙƙin Yara ta yi wasu tanade-tanade masu kyau. Sashenta na farko ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk wani mataki da ya shafe shi. Kashi na huɗu ya ba 'yan sanda ikon riƙe yaron da ke cikin haɗari a wurin kariya har tsawon awa 72, ya kuma ɗora wa gwamnatin jiha nauyin bincike, ya yi maganar ba wasu gidajen yara takardar shaida su zama mafaka. Sai dai dokar tarayya ce, Abuja kaɗai ta hau kai tsaye, sauran jihohi sai da kowace ta yi tata. Legas ta yi a 2007, Kano kuwa sai a 2023, shekara 20 cur bayan ta tarayya. Kuma ko inda aka yi, mu tambayi mai karatu: a garinku ina gidan mafakar yake? Wace hanya yarinya 'yar shekara 11, wadda ba ta jin harshen garin, za ta bi ta same shi da ƙarfe goma na dare? Waɗanda suka karɓi ƙarar uwar ɗakin nan suna da ikon riƙe yarinyar kwana uku su bincika. Bugu da ƙari, dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida. Watau wadda ta kawo ƙara ita ce ya kamata a fara yi wa tambayoyi, sai ga shi ita ce ta koma gida da yarinya a hannu, wadda ta yi jinya kuma ta kwana a ƙasa cikin sauro.

Yardar iyaye

Za a ce mana ai uba ya yarda, magana ta ƙare. A nan ne muke da ja. Yardar iyaye abu ne mai girma, amma ba ta mayar da zalunci adalci. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, cikinsu har da yara ƙanana, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da sunan gyaran hali. Cikin makonnin da suka biyo baya aka gano irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Yanzu a ce yaro ɗaya ya tsinke marinsa ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabci, maƙwabcin ya ɓoye shi. A ma'aunin yardar iyaye, mai marin shi ne a kan daidai, maƙwabcin shi ne abin tuhuma. Duk ma'aunin da ya ba da wannan sakamako, tilas a sake duba shi.

Manya daga cikin masu karatu za su tuna labarin da jaridun ƙasar nan suka bayar a 1987, na wata yarinya 'yar shekara 12 a tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda aka aurar ga wanda ba ta so. Ta gudu fiye da sau ɗaya, kowane karo ana kamo ta ana mayarwa, har ranar da mijin ya sare mata ƙafafu don kada ta sake gudu, ta rasu a asibiti. Duk mayarwar da aka yi mata da yardar iyaye aka yi. Da a ce an sami gida ɗaya a ƙauyen da ya buɗe mata ƙofa ya ƙi miƙa ta sai gaban alƙali, wataƙila da yanzu tana nan da jikokinta.

Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Yaro ya san dare, ya san yunwa, ya san tsoron baƙin mutane. Idan ka ga ya zaɓi waɗannan a kan ɗakin da yake kwana, to, mafi ƙarancin abin da ya cancanta shi ne a tambaye shi dalili kafin a kama hannunsa a mayar da shi. Ba mu ce duk yaron da ya gudu mai gaskiya ne ba. Akwai wanda ya ɓarar da kuɗin talla yana tsoron faɗa, akwai wanda abokai suka hure wa kunne, akwai ɗan ƙiriniya mai son ganin Ikko don ya ji labarin teku. Irin waɗannan maganinsu a mayar da su gida a ba iyaye haƙuri. Amma akwai agolan da mijin uwa ya sa wa ido, akwai maraya a hannun kishiyar uwa, akwai almajirin da gardi ya addaba, akwai 'yar aikin da ake ƙonawa da dutsen guga, akwai wadda wani na cikin gida yake lalata da ita kuma ta san ba mai gaskata ta. Ba a rarrabe waɗannan da waɗancan sai an saurara, kuma ba a saurare a cikin minti biyar a gaban wanda yaron yake tsoro.

Hujjar iyaye

Adalci ne mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren da dukan ƙarfinta, domin mu ma iyaye ne. Wanda bai taɓa neman ɗansa ya rasa ba, ko na awa guda, bai san abin da ake kira tashin hankali ba. Mu da muke koyar da adabi duk shekara muna karanta wa ɗalibai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, muna kuma ganin yadda aji kan yi tsit idan aka zo ga uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace. Kuma abin bai tsaya a littafi ba. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka gano yara tara 'yan Kano a Anacha ta Jihar Anambra, an sace su an sayar, an canza musu suna da addini, wasu har sun manta da Hausa. A 2021 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Haka nan a 2015 wani saurayi ya ɗauko wata yarinya da ba ta kai shekara 15 ba daga Jihar Bayelsa ya kawo ta Jihar Kano, aka canza mata addini da suna, iyayenta suka yi wata da watanni suna zarya kafin a mayar musu da ita a 2016, tana ɗauke da ciki. Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagowa ta same shi da laifi a 2020.

Mun jera waɗannan biyu da gangan, domin a lokacin da suka faru mun ga yadda kowane ɓangare ya yi kuka da nasa ya kau da kai daga na wani. Mu a wurinmu hukuncinsu ɗaya ne. Wanda ya ce yarinyar Bayelsa ita ta biyo shi don tana so, da wanda ya ce yaran Kano sun sami gidan da ya fi nasu, duk bakinsu ɗaya, kuma duk ƙarya suke yi. Saboda haka idan uba ya ce yana tsoron a buɗe wata kafa da kowane ɗan iska zai ɓoye 'yarsa ya ce ceto ya yi, tsoronsa yana kan hanya, ba mu raina shi ba.

Amma a dubi abin da ya haɗa masu laifin nan. Dukansu sun ɓoye, sun yi nisa da yaro, sun canza masa suna, sun ci moriyarsa. Mai ceto na gaskiya ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ashe ke nan iyakar da ta kamata doka ta shata tana tsakanin mai ɓoyewa da mai bayyanawa, da kuma tsakanin mai cin moriyar yaro da mai ɗaukar asara saboda shi. A nan ma za mu faɗi kuskuren Inna, ko da yake muna ƙaunarta: ta yi kwana huɗu ba ta sanar da kowace hukuma ba. Da ta je gidan Sarkin Hausawa tun da safiyar farko, da ta sami shaidu. Sai dai da muka tambaye ta dalili, ta ce tsoro ta ji kada a mayar da yarinyar inda ta fito. Abin da ta ji tsoro kuwa shi ne ya faru. Muddin kai rahoto yana nufin mayar da yaro nan take, masu tausayi za su ci gaba da ɓoyewa, doka kuma ta ci gaba da kama su tare da ɓarayi.

Abin da muka gada

Wani zai ce wannan ra'ayin Turawa ne, mu a al'adarmu ɗa na ubansa ne. Wanda ya faɗi haka bai san al'adar ba. Bahaushe cewa ya yi ɗa na kowa ne. Dukanmu mun tashi mun ga yaron da aka biyo da bulala ya ruga ya faɗa ɗakin kakarsa ko zauren maƙwabci, ya riƙe rigar dattijo, kuma duk zafin zuciyar uba ba ya tsallake wannan dattijo ya kai duka. Yaron kan wuni a can, wani lokaci ya kwana, sa'annan dattijo ya riƙo hannunsa ya kawo shi ya ce, "Na roƙa masa." Idan kuwa dattijon ya ga abin ya wuce horo, sai ya kira uban ya yi masa faɗa, ko a kai yaron wurin kawu ko gwaggo ya zauna. Matar aure ma al'ada ta ba ta yaji, ta kuma wajabta wa miji biko, watau ta yarda cewa wanda aka ƙuntata wa yana da inda za shi, kuma ba a mayar da shi sai an zauna an ji ba'asi. Yaron da ya ɓata kuwa gidan mai unguwa ake kai shi, a sa sankira ya yi shela. A nan Kudu, tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, gidan Sarkin Hausawa da gidajen fatoma su ne masaukin duk baƙon da ya sauka ba shi da kowa. Duk waɗannan hanyoyi a fili ake yin su, kowa ya san inda yaro yake, kuma ba a miƙa shi sai an yi magana.

Littattafan fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure su ma ba su mayar da yaro dukiyar uba ba. Risala ta ba uwa renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, sa'annan 'yar'uwar uwa. Muhtasar ya sa amana da amincin wurin zama cikin sharuɗɗan mai reno, ya kuma sa ɗaukar yaron da aka yar ya zama farilla a kan al'umma, wadda idan kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Tatsuniyoyinmu cike suke da 'yar bora ko marainiya da aka kora, ta shiga daji ta tarar da wata tsohuwa a bukka ta ba ta masauki, kuma ba mu taɓa jin tatsuniyar da ta kira tsohuwar ɓarauniya ba. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, yarinyar da aka yi wa auren dole gudu ta yi zuwa birni wurin 'yar'uwar iyayenta, a can ta koma karatu ta zama mutum. Dubban masu karatu sun yi murna da wannan gudu. Abin da ya canza shi ne birni ya girma, maƙwabci bai san maƙwabci ba, yaro yana iya hawa bayan tirelar shanu ya kwana biyu a hanya ya sauka inda ba kaka ba kawu. Zauren dattijo ya rushe, doka kuwa ba ta gina wani abu a gurbinsa ba.

Yadda wasu suka yi

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan matsala ba. A Ingila wata ƙungiyar kula da yara ta buɗe gidan mafaka na farko don yaran da suka gudu a Landan a 1985, ma'aikatanta suna aiki alhali ana iya tuhumarsu da ɓoye yara. Dokar Yara ta 1989 ta warware wannan a sashe na 51: gidan da aka ba takardar shaida ba a tuhumarsa, da sharaɗin ya sanar da 'yan sanda cikin awa 24, a gaya wa iyaye ɗansu yana lafiya, kuma kada zaman ya wuce kwana 14 a jere. Daga baya yawancin gidajen sun rufe saboda rashin kuɗi, wanda darasi ne gare mu cewa takarda ba ta ciyar da yaro. A Amurka dokar tarayya ta 1974 ta fara ba da kuɗi don gidajen kwanan yaran da suka gudu, inda yaro kan zauna na ɗan lokaci ana neman sulhu da gida. A Jihar Washinton kuwa, bayan kisan wata yarinya 'yar shekara 13 da ta gudu daga gida a 1993, iyaye suka matsa aka yi doka a 1995 wadda ta wajabta wa duk wanda ya ba yaro masauki ya sanar cikin awa 8. Masu gidajen mafaka suka yi kukan cewa yara sun daina zuwa don tsoron a kira gida nan take, daga baya aka ƙara wa gidajen da ke da lasisi lokaci zuwa awa 72. Ba mu ce a kwafo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin lura shi ne kowannensu ya gane cewa tambayoyi uku ne: wa za a sanar, cikin wane lokaci, kuma me zai faru da yaro bayan an sanar.

Abin da muke nema

Muna kira ga majalisun dokokin jihohi, na Arewa da na Kudu, su ƙara sashe guda a dokokinsu na kare yara, mai ɗauke da abubuwa huɗu. Na farko, duk wanda yaro ya zo wa da ƙafarsa, ya ba shi abinci da makwanci, sa'annan ya sanar da ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sanda ko mai unguwa ko sarkin al'ummarsa cikin awa 24, ba za a kama shi ko a tsare shi saboda wannan ba. Wanda aka sanar kuma tilas ya rubuta, ya ba shi shaida a hannu. Na biyu, a gaya wa iyaye nan da nan cewa ɗansu yana raye yana lafiya, domin barin uwa cikin zullumi zalunci ne, amma kada a miƙa yaro sai ma'aikacin jin daɗin jama'a ya gana da shi shi kaɗai, an kuma duba jikinsa. Idan aka ga rauni, ko ya ambaci auren dole ko lalata ko aikatau, sai kotu ta yanke inda zai zauna, a fara da danginsa na jini. Na uku, wanda ya ba da masauki ba shi da ikon fitar da yaron daga garin, ko ya sa shi aiki, ko ya canza masa suna ko addini, ko ya aure ta ko ya aurar da ita. Wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya ɓoye yaro ya wuce lokacin da aka yanka, kariyar ta faɗi, doka ta hau shi da dukan nauyinta. Na huɗu, kowace ƙaramar hukuma ta keɓe aƙalla gida ɗaya sananne, da kasafin kuɗinsa, wanda ba gidan kangararru ba ne, domin yaron da ya gudu daga duka bai yi laifin da za a kulle shi tare da masu laifi ba.

Kafin majalisu su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin tasha da na kasuwa suna iya ajiye littafi guda na rubuta duk yaron da aka tsinta, da sunan wanda ya kawo shi da ranar da aka kawo shi, su kuma ƙulla sanayya da ofishin jin daɗin jama'a na yankinsu tun kafin rana ta ɓaci. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa tura 'yar shekara 10 aikatau wata uwa duniya ba neman halal ba ne. Ɗalibanmu kuma, waɗanda suke rubuta gajerun labarai da waƙoƙi a wannan mujalla, su je tasha su saurari yaran da ke kwana a ƙarƙashin motoci, su rubuta abin da suka ji.

Kammalawa

Ba mu zo raba ɗa da mahaifi ba, ai ba a raba hanta da jini, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Uban da ke riƙon ɗansa da amana ba abin da zai rasa a cikin abin da muka nema, illa ma ya sami labarin ɗansa cikin kwana guda maimakon ya yi wata yana yawon cigiya. Wanda zai yi asara shi ne mai dutsen guga, da dillaliya, da mai mari, da wanda ya saba fakewa da yardar iyaye.

Har ranar da muke wannan rubutu Inna tana nan a rumfarta tana tuƙa tuwo. Mun sa an bi sawun yarinyar, aka ce mana uwar ɗakin ta tashi daga unguwar. Makon jiya wani direba ya gaya mana cewa ya ga wani yaro ya raɓe a bakin rumfar da magariba, Inna ta dube shi, ta zuba tuwo a leda ta miƙa masa, ta ce ya tafi can gaba ya ci. Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya kuma tsare mana zuriya, amin.